Ɗaurin Bahaguwa

Shafi na 17

Masu turo min saƙo tun ban wanke ido ba, na gani. Wadda ta ce za ta biyo ni har shago in ban saki shafin nan yau ba, ki taho da yadinki, dama kasuwa ta yi sanyi. Wadda kuma ta ce na cika sanyin jiki, da ita ce da tuni ta kifa tebur, ban yi miki musu ba. Abin da ya faru nake faɗa, kuma a lokacin ko kofi ba na iya kifarwa.

Ga wanda ya shigo yau: ni ce autar Mama, ɗinki nake yi. Wata huɗu ke nan da rasuwarta. Mu biyu ta bari, ni da Yaya, sai lambunta da ke bayan gari. Yaya ya ce min rijiyar lambun ta rufta, awaki sun cinye sauran shukar, wurin ya zama kango, gara a sayar. Ya samo wani Injiniya mai son gina gidajen haya. Jiya mun tsaya a inda ya ɗauko ni a mota, tare da Inna ƙanwar Mama, ya ce mu je mu ci abinci a waje, in sa hannu a takarda, a gama.

*

Ƙarfe ɗaya da rabi muka shiga.

Gaban wurin duk gilashi ne. Teburan katako, babu ko shimfiɗa a kansu, kujerun kuma kowace da irinta. Inna ta bi su da kallo ta taɓe baki.

"Duk tsadar da ake faɗa, kujera iri ɗaya ta gagare su?"

"Yayi ne, Inna," in ji Yaya. "Abokan aikina duk nan suke zuwa. Ni na zaɓi wurin, don Injiniya ya san ba da ƙananan mutane yake ciniki ba."

"Yaushe zai zo?"

"Ƙarfe uku."

Muka zauna kusa da taga. Yaya ya ture kwalbar furen da ke tsakiyar tebur, ya zaro ambulan daga aljihun gaban rigarsa.

"Auta, mu gama da wannan kafin abinci ya zo, kar mai ya taɓa takardar."

Ya shimfiɗa ta a gabana. Wuri uku ya yi wa alama da fensir. Ya miƙo biro.

Na karɓa.

"Ba kya karantawa?" in ji Inna, a hankali.

Yaya ya ɗago ya dube ta. Ta mayar da idonta kan taga.

Ban karanta ba. Gara in faɗa muku gaskiya tun yanzu, kafin ku fara zagin Yaya shi kaɗai. Tunda aka fita da Mama ban yi kuka ba, ko ɗigo. Masu zuwa gaisuwa suna ta cewa Auta akwai dauriya. Ba dauriya ba ce, babu komai ne a ciki. Abinci lami nake jin sa, ko an zuba gishiri ko ba a zuba ba. Ran nan allurar keke ta shige min yatsa, sai da na ga jini a yadin mutane na san ta shiga. Wadda ke cikin wannan halin, takarda mai shafi huɗu ba ta dame ta ba.

Na sa hannu a na farko, na sa a na biyu. A na uku biron ya yi aman tawada, ya ɓata min yatsu biyu.

"Ba komai, ya fito," in ji Yaya. Ya hura takardar, ya ninke, ya mayar aljihu. Ya sauke ajiyar zuciya har kafaɗunsa suka faɗa.

Na goge yatsuna da tishu. Tawadar ba ta fita ba, sai ma ta bazu.

Ma'aikaciyar wurin ta zo da ruwa, tana murmushi.

"Sannunku da zuwa. Zuwanku na farko ke nan?"

"Ba mu takardar abinci," in ji Yaya.

"Ba mu da ita, yallaɓai. Abin da manoma da masunta suka kawo mana yau, shi muke dafawa. Ga shi can a allo, har da wanda ya kawo."

"Wato in manomi ya makara sai mu tashi da yunwa," in ji Inna.

"Ba sa makara, Hajiya. Mu ne ma wani lokaci suke tararwa ba mu buɗe ba."

Na juya na dubi allon. Baƙi ne babba, rubutun alli. Kifi daga Mai Kwale-kwale Biyu. Ƙwai daga Matar Direba. Zuma daga Tsohon Kan Tudu. A ƙasa kuma, tumatir da albasa da na'a-na'a daga Bahaguwa.

Mama bahaguwa ce. An yi ta bugun hannun tana ƙarama har aka gaji, da dama take ci, amma duk wani aiki da hagu take yi. Na karanta kalmar, na ce a raina bahagwai ai da yawa a duniya, na juyo na sha ruwa.

Inna ce ta ƙware. Ta yi ta tari har ruwan ya zubo mata a mayafi.

"Sannu, Inna."

"Ba komai. Mu... ba za mu canja wuri ba? Sanyin na'urar nan ya yi min yawa."

"Yanzu muka zauna," in ji Yaya, yana danna waya.

Shi ko allon bai kalla ba. Ko da ya kalla ma, ban ce zai gane ba. Yaya bai taɓa sanin inda kwandunan Mama suke zuwa ba. In ta aiko masa da kayan lambu, direba ne ke shiga da su kicin. Ku ajiye masa tumatir da jan tattasai a nesa kaɗan, sai ya tambaya wanne ne wanne.

Sai ga kukun da kanta ta fito. Mace ce doguwa mai jiki, farar rigar girki, hannuwanta duk tabon ƙuna. Ta riƙo babban faranti na katako.

"Dokar gidan nan ce," ta ce, "sai kun ga abin da za ku ci tun yana ɗanye. Wanda bai yi muku ba, ku faɗa tun yanzu, kar in sha zafin wuta a banza."

Ta ajiye farantin a tsakiyarmu.

Kifi biyu, idonsu garau. Yankin kabewa. Albasa da ganyenta. Tumatir guda biyar munana, masu tsaga-tsaga, kowanne da guntun kara a kansa.

"Kar ku ga muninsu," in ji kuku. "Duk garin nan babu irinsu. Mai su ba ta tsinka da hannu, da almakashi take yanka, shi ya sa kuka ga karan. Ta ce in an fizge tumatir, ta nan yake fara ruɓa."

Na san maganar. Na sha jin ta ina yarinya, ina riƙe da kwando. Amma ko ita ba ta motsa ni ba.

A gefen farantin akwai ɗaurin na'a-na'a.

Shi na ɗauka.

Da ƙyalle aka ɗaure shi, siriri, an yage shi daga jikin zani. Shuɗi mai ƙananan fararen ganye. Zagaye biyu, sannan aka cusa bakin ta hagu, yadda ja ɗaya zai warware shi. Na juya ƙyallen. Daga gefen zanin aka yago shi, kalmasar tana nan. Ɗinkin kalmasar da jan zare ne.

Ni na yi wannan ɗinkin.

Ni na saya wa Mama zanin bara. Ina cikin kalmasa shuɗin zare ya ƙare, saura kamar taƙi biyu, na yi ƙiwar fita, na ƙarasa da ja. Ta yi ta min tsiya, wai maɗinkiya guda ta rasa zare. Shi ta ɗaura ranar da muka kai ta asibiti. Bayan rasuwarta ni na ninke kayanta ɗaya bayan ɗaya, shi kaɗai ne babu. Na tambayi Yaya, ya ce ma'aikatan asibiti sun haɗa da zanen gado.

"Wa ya ɗaure wannan?" na ce.

Muryata ta fito yadda take fita in ina tambayar mai ɗinki tsawon hannun riga.

"Bahaguwa mana," in ji kuku. "Ai sunan tsohuwar ne asali, Allah ya ji ƙanta. Shekara shida tana kawo mana, safe da yamma. Ko da aka kwantar da ita asibiti kwandon bai fasa zuwa ba. Da ta rasu, kwana uku na goge tumatir daga allon nan, na ƙi sayen na kowa."

"Yanzu wa ke kawowa?"

"'Yarta. Ita ma da hagu take aiki, shi ya sa ban canja sunan ba."

Yaya ya ajiye wayar.

"Baiwar Allah, abinci muka zo ci. Gasa kifin ki kawo."

"Lambun a ina yake?" na ce.

"Bayan gari, in kin wuce tankin ruwa. Akwai wani mangwaro da tsawa ta raba biyu, to nan ne. Shekaranjiya ma na je. In kin ga wurin, Malama, kore shar, rijiyar nan ruwa har..."

Ta tsaya.

Ta dubi Yaya, ta dubi Inna da ta rufe baki da mayafi, ta dawo kaina. Ta daɗe tana kallon fuskata.

"Innalillahi," ta ce. "Ke ce Autar."

"Ni ce 'yarta," na ce. "Ita kaɗai."

Kuku ta ɗauki farantinta a hankali. Ta kai hannu za ta karɓi na'a-na'ar, ta ga ban saki ba, ta bar min. Ta koma ciki ba ta waiwayo ba.

A teburin kusa da mu wasu mata uku suna ɗaukar abincinsu hoto suna dariya.

"Yaya, ka ce rijiya ta rufta."

"Za ta rufta. Tsohuwa ce."

"Ka ce awaki sun cinye shuka."

"Auta, ba nan ne wurin maganar nan ba."

"Ka ce asibiti sun haɗa zanin da zanen gado."

Na ajiye ƙyallen a gabansa, jan zaren a sama. Bai taɓa shi ba.

"Inna," na ce, "wace ce?"

"Ki bari mu je gida."

"Wace ce?"

"Kar ki faɗa," in ji Yaya.

Inna ta juyo ta dube shi. Tunda nake ban taɓa ganin ta yi masa irin kallon nan ba, ita da ta goya shi.

"Kai, rufe min baki. Na yi shiru don uwarka, na yi shiru don ubanka, yau kuma in yi don kai? Ga shi Allah ya kawo mu da ƙafarka."

Ta share ido da bakin mayafi.

"Uwarku ta yi aure kafin Babanku. Shekara uku suka yi, zama ya ƙi. Akwai yarinya. Tana da shekara biyu dangin uban suka karɓe ta, suka bar garin da ita. Da Babanku zai aure ta, ya ce duk abin da ya wuce ba ya son jin sa a gidansa. Ta amsa. Ta riƙe bakinta fiye da shekara talatin."

Ma'aikaciya ta iso da faranti uku. Gasasshen kifi, kabewa, tumatir yankakke da ɗan mai da gishiri. Ta ajiye, ta ga fuskokinmu, ta wuce ba ta ce a ci lafiya ba.

Na ɗauki cokali. Kar ku tambaye ni dalili, an ajiye abinci ne na ɗauka. Na kai kabewar baki, na tauna, na haɗiye. Kamar auduga.

"Ci gaba, Inna."

"Shekara tara da suka wuce ta nemo uwarta. Mijinta ya rasu, ba ta da kowa. Lokacin Babanku yana da rai, ba dama a kawo ta gida. Sai uwarku ta gina mata ɗaki a lambu."

"Mai taya Mama aiki," na ce.

"Ita."

Na tuna ta, in dai za a kira wannan tunawa. Duk sanda na je lambu, kuma ba na zuwa sosai, akwai wata mata can ƙarshen kunyoyin shuka, da malafa a kanta. Da ta hango mota sai ta ɗauki guga ta nufi rijiya. Mama ta ce mai taya ta ce. Ina ɗaga mata hannu daga nesa. Na taɓa aika mata tsofaffin rigunana a leda. Shekara tara ban taɓa kallon fuskarta ba.

"Da Baba ya rasu fa? Shekara bakwai ke nan."

"Kullum sai ta ce gobe za ta tara ku ta faɗa. Kunya ta hana ta. Ta ce me za ta ce muku, ta mai da 'yarta 'yar aiki a gabanku?"

Na juya wurin Yaya.

"Kai yaushe ka sani?"

Ya daɗe yana juya cokali a yatsunsa. Da ya yi magana, muryarsa ta dushe.

"Wata huɗu ina kwana a kujerar asibiti. Kin sani. Na bar aiki, na bar gidana. Ranar ƙarshe, da kika fita neman maganin nan da babu a cikin asibitin, ta kama hannuna. Na sunkuya, na zaci wasiyya za ta bar min. Ta ce, kira min babbata."

Ya ajiye cokalin.

"Na ce ga ni, Mama. Ta ce ba kai ba."

Inna ta sunkuyar da kai.

"Shekara arba'in da biyu ni ne babba, Auta. Ni na riƙe gidan nan da Baba ya kwanta. Ta dubi idona ta ce ba kai ba."

"Ka kira ta?"

"Inna ta kira. Ta zo da ƙasa a ƙafarta. Mama ta sa aka ciro zanin nan daga jaka ta ba ta. Sun yi minti ashirin, ni ina bakin ƙofa."

"Da na dawo ban gan ta ba."

"Na sallame ta."

"Ranar jana'iza fa?"

"Tana bayan mata," in ji Inna. "Ita ta wanke tukwane ranar. Ke ma kin miƙa mata kwano."

Na jira fushi ya zo. Na san nan ne wurinsa, na ma gyara zama ina jira. Bai zo ba. Abin da na lura da shi kawai, maɓallin wuyan rigar Yaya ya kusa tsinkewa, zare ɗaya ne ya riƙe shi.

"Lambun na Mama ne," na ce. "Ba na Baba ba. Ita ma tana da gado a ciki."

"Na faɗa masa," in ji Inna. "Na ce haƙƙi ne, ba zai bar shi ya yi barci ba."

"Kika zauna ina sa hannu."

"Na ce ki karanta."

"Sau ɗaya."

Ta fashe da kuka, ƙasa-ƙasa, don kar matan da ke ɗaukar hoto su ji.

"Sunanta babu a kowace takarda," in ji Yaya. "Takarda ta ce 'ya'ya biyu. Na je sau biyu na ce ta kwashe kayanta, zan kama mata ɗaki a cikin gari. Ban ce zan jefar da ita a titi ba. Ta ƙi."

"Yaushe Injiniya zai fara aiki?"

"Litinin katafila za ta shiga."

"Yau Alhamis."

"Na sani."

"Ta sani?"

Ya kau da kai.

"Ba ni ambulan ɗin, Yaya."

"Kin riga kin sa hannu."

"Ba ni."

Ya dafe aljihun da tafin hannu.

"Ba na son in sake ganin wurin nan, Auta. Ba na son in wuce ta hanyar in hango mangwaron nan. Ki ce min mugu, na yarda. Amma ke ma wata huɗu ba ki taka can ba. Da kin je sau ɗaya, da ƙaryata ba ta kwana ba."

Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Daga cikin kicin wata murya ta ɗaga.

"Kwandon yamma ya iso! A kawo sikeli!"

A daidai lokacin wayar Yaya ta yi ƙara a kan tebur. Ya duba.

"Injiniya ne. Yana ajiye mota."

Na miƙe.

"Auta, zauna."

Na ɗauki ƙyallen na dunƙule a hannu. Na bi ta tsakanin tebura, na wuce allon, na tura ƙofar da aka rubuta ma'aikata kaɗai. Babu wanda ya tare ni.

Zafi ya buge ni. Tukwane a jere, wuƙaƙe suna ta aiki a kan katako, wani yana fere kabewa. Kuku tana tsaye gaban wuta. Da ta gan ni sai ta matsa gefe, ta nuna min ƙofar baya da haɓa.

Ƙofar a buɗe take, tana kallon wani siririn lungu. A bakinta wata mata ta ba ni baya, ta sunkuya kan kwando tana ɗora tumatir a sikeli. Da hagu take ɗauka. Ta sauke nauyinta kan ƙafa ɗaya, ɗayar ta ɗan karkace waje. Haka Mama take tsayuwa in bayanta ya gaji.

Ban yi sallama ba.

Ita ta ji tsayuwar mutum ta juyo.

Mama ce ta shekara ashirin da suka wuce. Goshin, wushiryar, har ɗan tabon da rana ke bari a kumatu. Ni da nake autarta ban ɗauko rabin wannan kamar ba.

Ta miƙe tsaye a hankali, ta goge hannu a zaninta.

"Auta," ta ce.

"Kin san ni."

"Shekara tara ina kallonki daga bakin rijiya." Ta ɗan yi murmushi. "Kin rame."

Na buɗe hannuna na nuna mata ƙyallen.

"Kar ki ji haushi na yaga," ta ce da sauri. "Ita ta ce kar in ajiye a akwati asu ya ci. Ta ce in ɗaure ganye da shi har ya ƙare. Kullum siriri ɗaya nake yaga. Jiya na iso wurin jan zaren, sai da na zauna tukuna. Ta ba ni labarinsa, wai maɗinkiya guda."

Ta dube ni sama da ƙasa, irin kallon da ake yi wa shukar da ba ta sha ruwa ba.

"Kin ci abinci?"

"Na ci."

"Ba ki ci ba."

Ta sunkuya ta zaɓo tumatir ɗaya, mafi muni a kwandon. Ta goge shi a zani, ta sa babban yatsa ta raba shi biyu. Ta miƙa hannu cikin kwanon gishirin kuku ba ta ko tambaya ba, ta barbaɗa, ta miƙo min.

Na karɓa don kar in bar hannunta a miƙe. Na gatsa.

Da ɗumin rana a jikinsa. Tsami ya fara zuwa, har muƙamuƙina ya ƙage. Sai zaƙi. Sai gishirin. Sai wani ƙamshin ƙasa da ganye da na manta akwai shi. Wata huɗu ban ji ɗanɗanon komai ba, sai a lungun bayan kicin, tsaye kusa da kwandon shara. Ruwan ya gangaro min haɓa, na kasa gogewa. Idona ya fara zafi, na ji tsoro.

"A hankali," ta ce. "Akwai da yawa. Bana sun yi 'ya'ya kamar sun san ba ta nan."

"Yaya ya zo wurinki."

"Sau biyu. Ban ga laifinsa ba, abin ya zo masa a bazata. Ya ce in kwashe kayana." Ta girgiza kai. "Ban kwashe ba. Makon jiya ma na zuba sabon iri, na gyara bakin rijiya."

"Me ya sa?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar yara.

"Ranar nan a asibiti na ce mata, Mama, in kin tafi ina zan nufa? Ta ce ki zauna inda kike. Ba a sayar da lambun nan sai da hannun Auta, kuma Auta ba za ta sa ba. Ta ce na san 'yata."

A bango akwai 'yar tagar da ake miƙa abinci. Ta cikinta ina hango teburinmu. Wani mutum mai farin gilashi ya iso, Yaya ya miƙe suna musabaha. Inna tana zaune, fuskarta cikin mayafi. Hannun Yaya na hagu ya tafi aljihun gaban riga.

"Shi ya sa ko kaɗan ban damu ba," in ji ta. "Kawo hannunki in ƙara miki, ki tafi da su gida."

Ta kama hannuna na dama, ta juya shi za ta ɗora tumatir.

Ta tsaya.

Ta ɗaga yatsuna biyu zuwa haske, ta goga da babban yatsanta. Tabon bai fita ba.

"Auta," ta ce, "wannan tawadar ta mece ce?"